Hajiyar Waya da Ruwan Randar Goggo Hansai

Bilki ƙanwata, kin tambaye ni ko ki biya kuɗin kwas ɗin koyon talla ta waya kamar yadda na biya, na ce maki ki bari sai na huta. Ba hutu nake jira ba. Bakina ne ya kasa ɗaukar labarin, da na fara sai in kasa ci gaba, Inna ta ce in yi shiru in sha ruwa. Shi ya sa na sa shi cikin abin da nake rubutawa na rayuwata, dominki, da kuma 'ya'yan da Allah zai ba mu, kada su tashi su ji shi a bakin 'yan unguwa. Su sun riga sun gama nasu. Wasu sun ce an ɗaure ni a gindin bishiya, wasu sun ce da gudu na iso Kurfi ba takalmi. Ba a ɗaure ni ba, ba wanda ya taɓa ni ko da ɗan yatsa. Abin da ya faru ya fi wannan ban mamaki.

Kin san bayan na gama sakandare zaman gida na yi, har wani kamfani mai sayar da fitilar sola ya zo Dutsin-Ma neman masu talla. Ba albashi, sai kamasho a kan abin da ka sayar. Fitilar tana da kyau, ka shanya faifanta a rana ta sha, ta ba ka haske, ta kuma yi maka cajin waya. Matsalar ni ce. Sai in yi sallama a gida, in tsaya kamar wadda aka aiko karɓar gishiri, in ce ga fitila. Matar gidan ta juya ta, ta ce Allah ya kawo kasuwa, in ce amin, in fito. Haka na yi ta yawo da jakar nan har igiyarta ta yi mani shaida a kafaɗa. Ana cikin haka na ci karo da tallar kwas ɗin a waya. Wata mata ce mai sanyin murya, Hausarta irin ta mutanen birni, ta ce talla ba baiwa ba ce, sana'a ce da ake koyo kamar ɗinki. Ban taɓa jin wanda ya faɗi haka ba. Ni a tunanina masu baki haihuwarsu ake yi. A makon na sa aka kai akuyar da Baba ya bar mani kasuwa.

Kina makarantar kwana lokacin, ba ki ga yadda gidan ya ɗauka ba.

"Wai yanzu sai an biya kuɗi ake koyon talla?" in ji Inna. "Ni da na ɗauki farantin ƙuli-ƙuli tun ban iya ɗaurin zane ba, wa ya koya mani?"

Yaya Sani kuwa har da riƙe ciki.

"Akuya mai ciki kika tura cikin waya, Rukayya. To in ta haihu a can, ki ce su turo mana nono."

Na tashi na bar su. Na sa abin ji a kunne na shiga ɗaki. Kuma gaskiya zan gaya maki, abin da na ji a darussan nan ya buɗe mani ido. Matar ta ce kada ki fara da kaya, ki fara da mutum. Ta ce in kin faɗi farashi ki rufe bakinki, kada tsoro ya sa ki rage tun ba a nema ba. Ta ce wanda ya ce ya yi tsada bai ce ba ya so ba. Na fita na gwada a kan wani mai shago a bakin tasha, na faɗi kuɗin na yi shiru. Ya dube ni, ya dubi fitilar, ya jawo aljihun teburinsa. Wallahi Bilki, da na fito sai da na jingina da bango. Mace tana can wani gari da ban taɓa takawa ba, ba ta san da ni a duniya ba, amma ta san abin da mai shagon bakin tasha zai yi. Daga nan kasuwa ta buɗe. Na sayar wa ɗaliban jami'a, na sayar a Makera da Dabawa inda muke da dangi. Inna da kanta ta koma cewa in cire abin kunnen in sa a fili, tana tsintar shinkafa tana saurare. Ita ta raɗa mata suna Hajiyar Waya.

"Hajiyar nan ta san mutane," ta ce wata rana. "Sai dai ban ji ta ce ki tambayi lafiyar iyali ba."

Akwai darasi guda da na haddace kamar karatun allo, shi ne na sanin kwastoma. Hajiyar Waya ta ce kafin ki fito da kaya ki san abu huɗu: mutum nawa ne a gidan, da me suke samun kuɗi, wane lokaci kuɗin ke shigowa, wa ke yanke shawara kuma yaushe ake samun sa a gida. A cikin gari tambayoyin nan sun yi mani aiki ƙwarai. Saboda haka da na ga na gama da dangi da 'yan gari, sai na ce bari in leƙa ɓangaren Kurfi, inda ba wuta kuma ba wanda ya riga ni.

Damina ce, gero ya wuce tsayin mutum. Ɗan acaɓa ya kai ni wani ƙauye gaba da Rawayau, ba zan faɗi sunansa ba domin mutanensa ba su yi mani laifin da zan tona su ba. Ya sauke ni a bakin hanya ya ce in na gama in kira shi. Na san 'yan bindiga sun taɓa shiga yankin, kamar yadda kowa ya sani. Amma sanin da na yi irin na cikin gari ne, wanda ake ji a rediyo a ce Allah ya kyauta a ci gaba da tuwo.

Gidan farko da na yi sallama na wata tsohuwa ne, Goggo Hansai. 'Yar ƙarama ce, ta ranƙwafa, idonta ɗaya ya yi fari. Ban ko buɗe jaka ba ta nuna mani tabarma, ta ɗebo ruwa a randa ta miƙo mani moɗa. Na sha, sanyinsa har cikin kai.

"Ɗiyar wa ce ke?"

Na ce daga kamfanin fitila nake, kamar yadda aka koya mani in fara.

"Kamfani ne ya haife ki? Na ce ɗiyar wa ce."

Na ce ɗiyar marigayi Malam Ɗahiru mai gyaran keke, na bayan kasuwar Dutsin-Ma. Ta yi ta jan zaren har sai da ta gano cewa kakarmu ta wajen Inna 'yar Dabawa ce, kuma sun taɓa haɗuwa a wani biki tun suna 'yan mata. Ban samu damar yi mata tambaya ko ɗaya ba, ita ta yi ta yi mani. Da na kunna fitilar sai ta kare ido da hannu ta ce in kashe. Abin da kawai ta so ji shi ne ko da gaske tana cajin waya, domin autanta yana Legas, kuma wayarta kullum a mace take sai an kai Kurfi. Ta ce za ta yi shawara. Na fito ina ganin na ɓata lokaci.

A gidajen da suka biyo baya na kama aiki yadda aka koya mani. Ku nawa ne a gidan nan? Maigidan noma yake ko kiwo? Shanun suna nan gida ko suna daji? Yaushe kuke fitar da amfanin gona? Da wane lokaci ake samun sa a gida? Ina yi ina murmushi, wayata a hannu. In na kunna fitilar kuma sai in ƙara da abin da ya fi sayar mani da ita a gari, in ce haskenta tun daga bakin hanya ake hango shi. Wata mata tana tankaɗe, ta ajiye rariyar a hankali. Wata ta jawo ɗiyarta ta tura ɗaki. Ba wadda ta amsa mani da kalma fiye da ɗaya, daga baya ma suka daina amsawa. Ni kuwa ina jin daɗi a raina, domin Hajiyar Waya ta ce shirun kwastoma alama ce yana tunani, kada ki katse shi. Sai in tsaya ina kallonsu, ina jira, ina murmushi.

Da na fito daga gida na ƙarshe, bayan azahar kaɗan, sai na tarar da maza a lungun. Ba su da yawa da farko. Wasu da fartanya a kafaɗa, da alama daga gona aka kira su. Wani dogo mai furfura a gemu, wanda daga baya na ji ana ce mashi Malam Idi, ya tare hanya da sanda. Na gaishe shi.

"Wa ya aiko ki ƙirga mu?"

Na ce fitila nake sayarwa.

"Fitila ce ke son sanin inda shanunmu ke kwana?"

Daga baya wani ya faɗi kalmar, a hankali, kamar ba ya so ta fito: infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Bilki, kin san abin da ake yi wa wanda aka kira da sunan nan. Na ƙanƙame jakata. Kafin in ankara lungun ya cika, mata suna leƙowa ta kan danga, kowa yana maimaita tambayoyina ɗaya bayan ɗaya, kuma da na ji su a bakinsu sai na ji yadda suke. Mutum nawa. Ina dukiyar. Yaushe maigida ba ya nan. Ni kaina da a ce wata ce ta yi su, da na ce a kama ta. Na yi ta ja da baya ina salati har bayana ya bugi wani kyauren kara. Ban ma san na Goggo Hansai ba ne.

Suka ce in kawo wayar. Sai wata dabara ta zo mani wadda na ɗauka ita ce mafita. Na ce su tsaya su ji, karatu ne aka koya mani, na buɗe darasin na ƙara murya na miƙa wa Malam Idi. Muryar Hajiyar Waya ta fito a tsakiyar lungun nan, a natse, mai daɗi kamar kullum, tana cewa ki tabbata kin san mutum nawa ne a gidan, da lokacin da kuɗi ke shigo masu, da lokacin da ake samun maigidan.

"Kun ji ko! Ga uwar ɗakinta nan tana ba ta aiki!"

Wurin ya ɗauki ihu. Na ga wani ya sunkuya yana neman abu a ƙasa. Na rufe ido. Abin da ya zo mani a rai ba wani babban abu ba ne, Inna na tuna, da shinkafar da na bar ta tana tsinta.

Sai na ji kyauren ya buɗe a bayana, hannu mai ƙashi ya kama hijabina ya ja ni ciki. Goggo Hansai ta fito ta tsaya a bakin ƙofar. Tsawonta bai kai kafaɗata ba, amma ta ware hannuwa ta dafa dangar hagu da dama.

"Ta sha ruwan randata," ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba. Malam Idi ya ce, "Goggo, ki matsa, ba ki san abin da ta yi ba."

"Na ce ta sha ruwan randata, Idi. Baƙuwata ce har ta bar garin nan. Wanda zai taɓa ta ya fara taka ni, ga ni, ba ni da nauyi."

"Goggo, ko ɗiyar wa ce ba mu sani ba."

"Kun tambaye ta? Ni na tambaya. Ɗiyar Ɗahiru mai keke ce na Dutsin-Ma, jikar Ta-Dabawa. Kai Sale, da kake ɗaukar dutse, keken da ka kai amarya da shi wa ya ɗaure maka sarƙarsa? Ajiye abin nan kafin in kira ka da sunan da uwarka ke kiran ka."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Ihun ya ragu, amma bai mutu ba. Malam Idi bai sauke sandarsa ba. Ya ce ɗiyar mutumin kirki ma ana iya sayen ta. Aka yi tsit, irin shirun da ba ka san inda zai faɗi ba. To a cikin shirun nan ne abin da har gobe nake mamakinsa ya faru. Wayar tana hannunsa, ba wanda ya kashe ta, darasin ya ƙare ta wuce na gaba da kanta. Hajiyar Waya ta ce, da muryar nan tata, in mutum ya taso maki da fushi kada ki kare kanki, kada ki yi gardama. Ta ce yawancin fushi tsoro ne, wani ya taɓa cutar da shi kafin ki zo. Ki faɗa mashi abin da kika fahimta yana tsoro, sannan ki yi shiru ki bar shi ya ba ki labarin.

Kowa ya ji. Malam Idi ya dubi wayar kamar ta kira sunansa. Ni kuma, ban san inda na samo muryar ba, na leƙo ta saman kafaɗar Goggo na ce:

"Baba, tambayoyin da na yi, an taɓa yi maku irinsu kafin a zo maku. Shi ne ko?"

Na rufe bakina. Wannan shirun shi ne mafi tsawo da na taɓa yi, kuma shi kaɗai ne na yi a inda ya dace a ranar. Gemun Malam Idi ya motsa. Ya ce bara war haka wani mai tallar atamfa ya zo, mai fara'a, yana ba da bashi, yana wasa da yara. Ya yi ta tambaya. Bai daɗe da tafiya ba aka shigo, kuma waɗanda suka shigo sun san ƙofar da za su bi da wadda za su wuce. Sun kora shanu, sun tafi da ƙanensa. Ya ce har yau matar ƙanen tana ajiye mashi tuwo. Ya ce tun daga lokacin ko aci-balbal ba sa barin ta kai bakin ƙofa, ni kuma na zo ina yi masu albishir da hasken da ake hangowa daga hanya. Yana faɗa ni ina kuka, matan kan danga suna kuka. Wanda aka kira Sale ya saki dutsen ya goge hannu a riga.

Mai unguwa ya iso a makare, ya sa aka kira Yaya Sani a waya ya tabbatar da ni. Malam Idi ya miƙo mani wayata da hannu biyu.

"Ki gaya wa Hajiyar nan ta san zuciyar mutum," ya ce. "Amma ba ta taɓa kwana a ƙauye ba."

Shi da kansa ya raka ni bakin hanya, yana gaba da sandarsa ina baya. Jakar kuwa a gidan Goggo na manta ta. Da Yaya Sani ya je ɗaukowa ya tarar ta cire fitila ɗaya ta ɗaure kuɗinta a bakin jakar. Ya ce ya ga inda ta ajiye ta, a ƙuryar ɗaki, ta kifa mata ƙwarya ta bar 'yar kafa kaɗan, wayarta a maƙale a jiki. Tun daga ranar bai ƙara yi mani zancen akuya ba.

Yanzu ga amsar tambayarki, iyakar yadda na iya. Murya ɗaya ce ta kai ni bakin kabari ta kuma taimaka aka dawo da ni, duk a yini ɗaya, daga waya ɗaya. In na ce maki kuɗin banza ne na yi ƙarya, domin da ban biya ba da har yau ina tsaye a ƙofar mutane ina cewa ga fitila, kuma da ban san yadda ake rufe baki a gaban mai fushi ba. Amma da abin da na biya kaɗai na dogara, da ba ni ce ke rubuta wannan ba. Wayar ba ta fara aiki ba sai da tsohuwar nan ta tsaya a ƙofa ta samar mata shirun da za a ji ta. Na aika wa Hajiyar Waya saƙon murya na gaya mata komai. Ta maido da amsa, ta yi ta innalillahi, ta ce ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba, ta ce za ta gyara darasin. Ban duba ko ta gyara ba. In kin biya, ki saurara da kyau, akwai ilimi a ciki. Sai dai duk abin da ta ce ki tambaya, ki fara kawo shi gaban Inna ki ji yadda zai sauka a kunnen mutanenmu. Duk gidan da kika shiga kuma, ki faɗi ɗiyar wa ce ke kafin ki faɗi kamfani, in an ba ki ruwa ki zauna ki sha.

Ban koma talla ba tukuna. In na ji hayaniyar maza a waje, ko ta 'yan ƙwallo ce, sai in tashi in rufe ƙofar ɗaki. Jakar tana rataye a bayan ƙofa inda Yaya Sani ya sa ta. Amma ranar Juma'ar da ta wuce wata baƙuwar lamba ta kira ni. Na ɗauka a tsorace.

"Jikar Ta-Dabawa, kina ji na?"

Na ce ina ji, Goggo.

"To fitilarki ce ke magana. Kullum sai na ji muryar autana, har ya fara cewa na dame shi. Matar ƙanen Idi na son irinta, ta ce kada wayarta ta ƙara mutuwa, ko Allah zai sa a kira. Idi ya ce in gaya maki shi zai tsaya a bakin hanya."

Na ce Goggo, ƙafafuna ba su yarda ba tukuna.

"Ba sauri," ta ce. "Ranar da suka yarda ki taho. Kada ki tambayi kowa komai, mu za mu gaya maki. Randar tana nan inda kika bar ta."